SAƘON DA NA TURA A WHATSAPP, DA ABIN DA NA TARAR A GIDAN LEWIS LATIMER

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, wanda yake sauri ya ajiye shi sai ya samu natsuwa. Zan fara da tona wa kaina asiri, don laifin da zan yi magana a kai ni ma na aikata shi, kuma yarinya 'yar shekara 12 ce ta biya kuɗinsa.

Kun san wannan saƙon da yake yawo a WhatsApp da Facebook, mai hoton wani dattijo baƙar fata da tabarau da gashin baki, an rubuta a ƙasa cewa shi ne ya ƙirƙiro ƙwan lantarki, Bature Thomas Edison ya sace masa fasaha ya ci suna. Sunan dattijon Lewis Latimer. Ni ma da saƙon ya iso wayata ban yi wata-wata ba na cilla shi zauren danginmu, har da ƙarin gishiri na kaina, wai a nuna wa yara su san asalinsu.

A cikin zauren akwai ƙanena da yake zaune a Bronx ta birnin New York, inda Hausawa da yawa suke, musamman 'yan'uwanmu na zangon Ghana da na Nijar. Shi kuma ya nuna wa 'yarsa. A watan Fabrairu, watan da makarantun Amurka suke ware wa tarihin baƙaƙen fata, aka ba su aikin rubutu a kan wani gwarzo. Yarinya ta ɗauki maganar Baffanta ta zuba a takarda kamar yadda take. Malamar ba ta yi mata faɗa ba, tambaya ɗaya kawai ta rubuta mata a gefen takarda: a ina kika samo wannan? Yarinya ta rasa amsa, don ba za ta ce daga WhatsApp ɗin Baffa ba.

Da na je wajensu ziyara, ko gajiyar hanya ban sauke ba ta tare ni. Da Hausarta mai ɗan karkata ta ce, "Baffa, kai ka sa na ji kunya a aji." Na ce to 'yata, yanzu me za a yi? Ta ce malamarsu ta gaya mata gidan mutumin yana nan a Queens, an mayar da shi gidan tarihi, mu je mu gani da idonmu. Uban ya ce, "Yaya, ai sai ka kai ta, tunda kai ka ɗaura auren." Gani ya kori ji, muka shirya.

Jirgin ƙasa mai lamba 7 muka hau har tasharsa ta ƙarshe, Flushing. Kana fitowa sai ka rantse a Sin kake ko Koriya, allunan shaguna duk da rubutunsu, ga ƙamshin abincinsu ko ta ina. Daga nan muka taka zuwa titi na 137. Ni a raina ina jiran wani katafaren gini mai ginshiƙai. Sai ga ɗan gidan katako mai bene da baranda da 'yar farfajiya, dogayen gidajen haya na gwamnati sun yi masa rumfa, su ma sunan Latimer suke ɗauke da shi. An gina gidan ne tsakanin 1887 da 1889, shi kuma ya zauna a ciki daga 1903 har rasuwarsa a 1928. Cikin rabin awa za ka iya zagaye ɗakunan da aka buɗe wa baƙi. Mu mun fi awa biyu, don yarinyar nan ba ta bar rubutu ko ɗaya a bango ba ta karanta ba, kuma kowanne sai ta juyo ta kalle ni.

Labarin ya fara ne tun kafin a haife shi. Iyayensa, George da Rebecca Latimer, bayi ne a Norfolk ta jihar Virginia. A 1842 suka gudu, Rebecca tana da juna biyu. George fari ne sosai saboda ubansa Bature ne, don haka a wani ɓangare na hanya ya yi shigar ubangida, matarsa ta zama kamar baiwarsa, har suka isa Boston. Ba a daɗe ba aka gane shi, aka kama shi aka kulle, mai shi ya biyo sawu yana neman a ba shi "kayansa". Nan gari ya ɗauki zafi. Masu yaƙi da bauta irin su Frederick Douglass da William Lloyd Garrison suka tsaya a kan maganar, aka yi ta taruka, a ƙarshe aka tara dala 400 aka fanshe shi. Fiye da mutum 60,000 suka sa hannu a takardar koke, a 1843 jihar Massachusetts ta yi dokar da ta hana jami'anta da gidajen yarinta shiga aikin kama bayin da suka gudu. A gidan waɗannan mutanen aka haifi Lewis ranar 4 ga Satumba 1848 a garin Chelsea, shi ne auta cikin 'ya'ya huɗu.

Yana da kimanin shekara 10 uban ya ɓace daga gida. Wannan ya biyo bayan hukuncin Dred Scott na 1857, inda kotun ƙolin Amurka ta ce baƙar fata ba ɗan ƙasa ba ne. Yaro ya shiga neman na kai, har jarida ya sayar a titi. A 1864, ana tsakiyar yaƙin basasa, ya shiga sojan ruwa yana ɗan shekara goma sha, ya yi aiki a jirgin yaƙi mai suna Massasoit. Da aka sallame shi a 1865 ya samu aikin masinja a ofishin wasu lauyoyi a Boston, Crosby da Gould, masu yi wa mutane rajistar haƙƙin ƙirƙira. Albashinsa dala 3 a mako.

A nan ne abin da ya fi burge ni ya faru. A wancan zamani duk wanda ya ƙirƙiro na'ura sai an zana ta dalla-dalla, kowane ƙarfe da kowace kusa, kafin hukuma ta ba shi takardar shaida. Masu wannan zane su ne manya a ofishin. Masinja yana shara yana leƙen hannunsu. Ya tara 'yan kuɗinsa ya sayi kwancen kayan zane da tsofaffin littattafai, yana komawa gida da dare yana gwadawa. Da ya ga hannunsa ya faɗa, ya roƙi a ba shi dama ya zana ko guda ɗaya. Aka ba shi, aka ga aiki. Kafin a je ko'ina ya zama shugaban masu zane, albashi ya koma dala 20 a mako. Babu jami'a, babu ubangida, babu wanda ya kama hannunsa.

A 1874 ya samu takardar ƙirƙirarsa ta farko tare da wani Charles Brown, a kan gyaran banɗakin jirgin ƙasa. Da yarinyar ta karanta wannan sai ta fashe da dariya, wai gwarzon Baffa da banɗaki ya fara. Na ce ki yi dariyarki, wanda ya taɓa doguwar tafiya a jirgin ƙasa ya san wannan ba ƙaramin taimako ba ne.

A 1876 wani malamin kurame mai suna Alexander Graham Bell ya zo neman wanda zai zana masa na'urar da yake son yi wa rajista. Da rana Bell yana koyarwa, don haka da dare suke zama da Latimer. Ranar 14 ga Fabrairu 1876 aka shigar da takardun Bell, kuma a ranar ce wani mai suna Elisha Gray ya shigar da nasa a kan irin wannan na'ura. Bell aka ba wa. Na'urar ita ce tarho, kakar wayar da kake karanta rubutun nan da ita. Latimer bai ƙirƙiro tarho ba, shi ma bai taɓa cewa ya yi ba, amma zanen da aka kai wa hukuma daga hannunsa ya fito.

Yanzu ga maganar ƙwan lantarki, inda na yi kaye.

Babu mutum ɗaya da ya wayi gari ya ƙirƙiro ƙwan lantarki. Mutane da dama sun shekara da shekaru suna fama da shi, ciki har da Joseph Swan a Ingila. Matsalar ita ce ɗan siririn zaren da yake haske a ciki, kamar lagwanin fitila, yana saurin ƙonewa. A watan Oktoba 1879 Edison da yaransa suka samu zaren auduga da aka mayar gawayi ya yi sa'o'i goma sha yana ci, aka ba shi takardar shaida a Janairu 1880. Daga baya suka koma amfani da gora, wadda take kai sa'o'i sama da 1,000. A lokacin gwajin Oktoba 1879 Latimer bai shiga harkar lantarki ba tukuna. A 1880 ne Hiram Maxim, mai kamfanin da yake gasa da na Edison, ya ɗauke shi aiki a garin Bridgeport.

To me ya yi? A lokacin, in an sa zaren a wuta don ya zama gawayi, da yawa sukan lanƙwashe ko su karye, a yi asara. Latimer ya fito da dabarar sa su a cikin wani kwali kafin a gasa, sai su fito lafiya, siffarsu ɗaya, kuma a iya yin su da yawa a lokaci guda. An ba shi takardar shaidar wannan ranar 17 ga Janairu 1882. Kafin nan, a 1881, shi da Joseph Nichols sun yi rajistar wata hanyar haɗa zaren da wayoyin cikin ƙwan. Irin wannan aiki shi ne yake sauke farashi, ya fitar da abu daga ɗakin gwaji ya kai shi gidan mutane. Sannan shi aka riƙa turawa ya jagoranci kafa wutar lantarki a New York da Philadelphia da Montreal ta Kanada. A Montreal ya tarar ma'aikatan Faransanci suke ji, sai ya zauna ya koyi Faransanci don ya iya yi musu bayani. Aka tura shi Landan ya kafa sashen yin ƙwan a masana'anta.

A wajen 1884 ya koma kamfanin Edison, ya zama mai zane kuma ƙwararren da ake dogara da shi a shari'o'in haƙƙin ƙirƙira. Ku lura da wannan da kyau: mutumin da muke cewa Edison ya yi wa sata, shekaru ya yi yana taimaka wa lauyoyin Edison su kare takardar Edison a kotu, har da ƙarar da suka yi da tsohon kamfaninsa na Maxim, wadda ɓangaren Edison ya ci a 1891. A 1890 ya wallafa littafi a kan yadda tsarin hasken lantarki na Edison yake aiki. A 1918 da aka kafa ƙungiyar tsofaffin abokan aikin Edison, yana cikin waɗanda suka kafa ta, kuma shi kaɗai ne baƙar fata a cikinsu.

Muna tsaye gaban kwafin zane-zanensa, layuka tsaf kamar inji ne ya ja su, yarinyar ta ce, "Baffa, to ai wannan ya fi abin da ka turo daɗi. Me ya sa ba a turo wannan ba?" Wallahi ban da amsa. Har muka fito ina juya tambayar.

Amsar da na samu daga baya ita ce: ƙaryar gajera ce, layi biyu, kuma tana sosa mana inda yake mana ƙaiƙayi. Gaskiyar tana buƙatar a zauna a karanta. Kuma ba mu kaɗai ba ne. A watan Satumba 2020, lokacin yaƙin neman zaɓe, Joe Biden da kansa ya faɗa a garin Kenosha cewa baƙar fata ne ya ƙirƙiro ƙwan lantarki ba Edison ba, masu bin diddigin labarai suka yi masa gyara. In wanda ya zama shugaban Amurka ya zame a nan, Baffa na WhatsApp ma sai a yi masa uzuri. Amma uzuri ba ya mayar da ƙarya gaskiya.

Na san wani zai shigo sharhi ya ce, kai yanzu Bature kake karewa? Ai an danne baƙar fata, an ɓoye tarihinsu. Ɗan'uwa, dannewa an yi ta, kuma ta fi yadda kake zato muni. A 1858 babban lauyan gwamnatin Amurka ya ba da fatawar cewa abin da bawa ya ƙirƙiro ba za a yi masa rajista ba, ba da sunan bawan ba, ba kuma da sunan ubangidansa ba. Maganar ta taso ne a kan wani bawa mai suna Ned da ya ƙera garmar noman auduga a Mississippi. Allah kaɗai ya san fasahar mutum nawa ta tafi a haka babu suna. Shi kansa Latimer a Landan ya sha fama da Turawan da ba su saba karɓar umarni daga baƙar fata ba. Edison ya mutu da takardun ƙirƙira 1,093 na Amurka da dukiya da suna a duniya. Na Latimer ba su wuce goma ba, mafi muhimmancinsu kuma kamfani ne ya ci ribarta, ya ƙare rayuwarsa a wannan ɗan gidan katako. Shekaru da dama littattafan makaranta ba su ko ambace shi ba. Duk wannan gaskiya ne, kuma ya isa a yi fushi a kai.

Abin da nake cewa shi ne, wanda aka zalunta ta hanyar ɓoye gaskiyarsa ba a rama masa da ƙarya. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ranar da yaronka ya tsaya gaban wanda ya yi karatu ya ce Latimer ne ya ƙirƙiro ƙwan lantarki, cikin minti ɗaya za a kayar da shi, kuma daga ranar zai fara shakkar duk abin da ka taɓa gaya masa game da bajintar baƙar fata, har da na gaskiyar. Mai wariyar launin fata kuwa ka ba shi makami kyauta, zai ce kun gani, ba su da komai sai ƙirƙirar labari. Na ga alamar wannan a idon 'yar ƙanena kafin mu je gidan, kuma shi ya fi tayar mini da hankali fiye da makin da ta rasa.

Akwai kuma wani abu da ƙaryar take sacewa. In ka ce mutum ɗaya mai baiwa ya ƙirƙiro abu aka sace, darasin da yaro zai ɗauka shi ne duniya azzaluma ce, ƙoƙari banza ne. In ka ba shi labarin masinja mai dala 3 da ya sayi kwancen rula ya koya wa kansa zane da dare, ya koyi Faransanci don aiki ya tafi daidai, ka ba shi abin da zai iya kwaikwaya gobe da safe.

Wani abu ya tsaya mini a rai da na ga sunan Hiram Maxim a bango. Na ce wannan suna ai na san shi. Maxim ɗin da ya ɗauki Latimer aiki shi ne ya koma Ingila ya ƙera bindiga mai sarrafa kanta a 1884, wadda ake kira da sunansa. Bindigogin Maxim suna cikin makaman da sojojin Lugga suka zo da su Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, da Sakkwato ranar 15 ga Maris, kafin a ƙare a Burmi a watan Yuli inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada. Shekarar da Latimer ya tare a gidan da nake tsaye a ciki, ita ce shekarar da ƙirar tsohon maigidansa take zubar da mahayan dawakinmu. Latimer ba shi da hannu a wannan, ya bar kamfanin kafin a yi bindigar. Amma abin ya nuna mini cewa ilimin da ya haska titunan New York da wanda ya buɗe ƙofofin Kano daga bita ɗaya suka fito: zane, awo, gwaji, rubutawa, rajista. Kakanninmu ba jarumta suka rasa ba a 1903. Wanda ya riƙe wannan ilimi shi yake zaɓar ko fitila za a yi da shi ko bindiga, wanda bai riƙe ba sai dai ya jira abin da aka kawo masa.

Sai kuma yadda gidan kansa ya tsira, don saura ƙiris da babu abin da za mu je gani. Asali ba a nan yake ba, yana kan titin Holly ne. Bayan rasuwar 'yarsa Louise a 1963 gidan ya fita daga hannun iyali. A 1988 aka shirya rushe shi don a yi sababbin gine-gine. Jikarsa Winifred Latimer Norman, a lokacin ta haura shekara 70, ita da mutanen unguwa da masu kishin tarihi suka kafa kwamiti, suka yi ta buga ƙofofi. A watan Disamba na shekarar aka ɗaga gidan ɗungurungum aka ɗora a kan babbar mota, aka ja shi ta cikin tituna zuwa inda yake yanzu. A 1995 birnin New York ya sa shi cikin gine-ginen tarihi da doka ta kare. Takardunsa da zane-zanensa kuma iyali ne suka adana, yanzu akwai tarinsu a ɗakin karatu na Queens. Shi ya sa muka san yana busa sarewa, yana zanen hotuna, yana rubuta waƙoƙi har 'ya'yansa suka buga masa su a littafi a 1925, kuma yana koyar da baƙin haure Turanci da zanen injuna a cibiyar Henry Street. Gwamnati ta zo daga baya. Tsohuwa ɗaya da maƙwabta ne suka fara.

A nan ne tunanina ya dawo gida. Mu ma muna da gidajen da muka adana, kuma abin a yaba ne: Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa da Mambayya a Kano, Gidan Arewa a Kaduna. Amma ku duba jerin, sarauta ce da mulki da siyasa. Mai sana'ar hannu fa? Muhammadu Durugu, Babban Gwani, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, masana gine-gine na duniya suna rubutu a kansa, ɗalibanmu nawa ne za su iya faɗin sunansa? Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don ajiye kayan miya ba tare da lantarki ba, har ya ci kyautar Rolex a shekarar 2000. Sau nawa ka ga an turo hotonsa a zaurenku? Muna rige-rigen tura ƙarya a kan baƙar fatan Amurka, na gaskiyar da yake bayan gidanmu ba mu waiwaye shi ba.

Ka shiga Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko kasuwar Katako a Yamai, ka ga abin da maƙera da masu walda suke fitarwa daga tarkacen ƙarfe: injin niƙa, injin sussuka, injin walda na gida. Basira kam akwai ta. Amma ka ce maigida ya nuna maka zanen injin da ya ƙera, sai ya nuna maka kansa ya ce yana nan ciki. Ranar da ya kwanta dama, injin ya bi shi, yaransa sai dai su kwaikwayi abin da idonsu ya riƙe. Da Latimer haka ya yi, da yau babu gidan tarihi, babu takarda mai kwanan wata da za ta tsaya masa shaida bayan shekara 140. Abin da ya raba shi da dubban masu basirar zamaninsa da aka manta shi ne takarda da alƙalami.

Kuma hanyar rajista akwai ta. A Najeriya akwai dokar haƙƙin ƙirƙira tun 1970, da ofishin rajista a ƙarƙashin ma'aikatar ciniki ta tarayya, ga hukumar NOTAP da take taimaka wa masu ƙirƙira su shigar da takardu. Nijar da Kamaru da Chadi suna cikin ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde, rajista ɗaya ta wadatar a duk ƙasashen ƙungiyar. Ghana da Sudan suna cikin ARIPO. Ban ce abu ne mai sauƙi ko arha ba, kuma takarda kaɗai ba ta hana a kwaikwayi aikinka a kasuwa. Amma ko ba ka je ko'ina ba, ɗan littafin rubutu da za ka zana abin da ka ƙera, ka rubuta awonsa da ranar da ka yi shi, ya fi babu nesa ba kusa ba.

Don haka roƙona uku ne, kuma da kaina na fara.

Na ɗaya, kafin ka tura saƙon "baƙar fata ne ya ƙirƙiro kaza", ka ba shi minti biyar ka bincika. Takardun ƙirƙira na Amurka suna intanet kyauta, da lamba da kwanan wata. Ta Latimer ta zaren gawayi lambarta 252,386, kowa yana iya dubawa. In ka ga saƙon ƙarya ne, kada ka tsaya a ƙin turawa, ka nemo na gaskiyar ka tura a madadinsa.

Na biyu, iyaye da malamai, mu daina raina darasin zanen fasaha a sakandare da makarantun koyon sana'a. Wanda yake da ɗa mai ilimin boko da ɗan'uwa maƙeri, ya haɗa su, yaro ya zana abin da kawunsa yake ƙerawa. Kowa ya ƙaru.

Na uku, in akwai wani gwani a danginku ko unguwarku, magini ko masaƙi ko marini ko makaniken da ya fito da wata dabara, a ɗauki muryarsa da hotonsa tun yana raye. In ya rasu, kafin a zo rabon gado a sayar da kayan aikinsa wa 'yan gwangwan, wani ya ware ko akwati ɗaya ya ajiye. Winifred ba ta da kuɗin sayen gidan kakanta, amma ba ta yi shiru ba.

Wanda Allah ya kai shi New York, ya ware rabin yini ya je Flushing, ya tafi da yara in da hali, don suna shirya musu ayyukan gwaje-gwajen kimiyya a wurin. Ba kullum ake buɗewa ba, a duba ranaku kafin a kama hanya.

A jirgi muna dawowa, 'yar tawa ta ciro wayarta ta fara rubuta sabon aikin, wai za ta kai wa malamar ko da ba a ƙara mata maki ba. Ta ce in taimaka mata da shekarun. Na ce a'a, ki duba hotunan da kika ɗauka a bango, Baffa an daina dogara da shi. Da muka isa gida na shiga zauren dangi na goge tsohon saƙon, na rubuta musu cewa na yi kuskure, ga yadda abin yake. Mutum biyu ne kawai suka amsa, alhali na farkon ya samu hannu sama da ashirin. Ba komai.

Wanda ya taɓa tura wancan saƙon kamar ni, ya taimaka ya tura wannan inda ya tura shi. Allah ya ba mu ikon faɗin gaskiya ko ba ta yi mana daɗi ba, ya sa wa 'ya'yanmu albarka a karatunsu da sana'arsu. Amin.